Sai Masu Gida, To Amma Su Wane Ne Masu Gidan?

Ya ku 'yan'uwana talakawa, musamman ku 'yan kasuwar Kurmi da Kwari da Sabon Gari, waɗanda ku ke rufe rumfuna tun la'asar ba ta yi ba ku nufi Ƙofar Mata, yau da ku na ke. Kullum in Kano Pillars ta fito fili sai mu tashi gaba ɗaya mu ce "Sai Masu Gida!" To, ina so mu tsaya mu tambayi kanmu, su wane ne masu gidan nan?

Bari mu fara da asali. A 1990 aka kafa ƙungiyar nan, aka haɗa ƙananan kulob guda 3 aka mai da su ɗaya, watau WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Kafin nan ma Kano ba baƙuwar ƙwallo ba ce, gama Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa tun 1978. Pillars kuwa sai da ta shekara 18 tana fama kafin ta ɗauki kofin gasar a 2008. Sa'an nan ta jera shi sau 3, a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali a lokacin kofin yana hannun Al Ahly ɗin, ta yi ta tafiya har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. A 2019 ta ci kofin ƙalubale a Kaduna.

Amma abin da ya fi duk waɗannan shi ne, tun daga 2003 har 2015 babu baƙon da ya zo Kano a wasan gasar ƙasa ya tafi da nasara, sai da Nasarawa United ta karya lagon. Shekara 12 ke nan! Wa ya yi wannan aiki? 'Yan wasa sun yi nasu, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad da Ahmed Musa wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka guda kafin ya tafi Turai. Sauran aikin kuwa na mai faci ne, da ɗan dako, da mai yankan farce, waɗanda su ke cire kuɗin tikiti daga kuɗin cefane, su zauna rana na dukansu, su yi ta ihu har murya ta dushe. Ban taɓa jin an ce kujerun alfarma sun firgita mai tsaron gidan baƙi ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙungiyar mallakar gwamnatin jiha ce. Ita ke naɗa shugabanni, ita ke sauke su, in an sake gwamnati sai a sake hukumar kulob kamar yadda a ke sake labulen ofis. Kai da ka shekara 20 kana biyan kuɗin ƙofa, an taɓa tambayarka wa ka ke so ya riƙe ta? An taɓa karanta maka lissafin abin da aka samu a ƙofa, ko na 'yan wasan da aka sayar? Wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za su ce ai talaka ba shi da kuɗin riƙe kulob. Haba! Al Ahly ɗin nan da muka fitar, wadda aka kafa tun 1907, membobinta ne ke jefa ƙuri'a su zaɓi shugabanta. Haka Barcelona da Real Madrid a ƙasar Sifen. A Jamus ma doka ce ta ƙwallo, in ban da 'yan kulob kaɗan da aka yi wa rangwame, rinjayen ƙuri'a yana hannun membobi. Mutanen da su ke iya tara adashi duk mako ba a rasa ko sisi, su ke riƙe ƙungiyoyin kasuwa da ma'aji da magatakarda, su ne za a ce ba su iya biyan kuɗin kati sau ɗaya a shekara?

Za su kuma ce ai 'yan kallon Kano ba su da natsuwa. A nan kam dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. A 2022 waɗansu daga cikinmu suka farfasa motar 'yan wasan Katsina United, maƙwabtanmu, aka hukunta ƙungiyar, aka raba ta da filinta, a ƙarshen kakar nan ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta komo. Abin kunya ne, ba wanda zai wanke shi. Amma fa ku duba, yaron da ya ɗauki dutse ba shi da kati, ba shi da suna a littafi, ba abin da za a ƙwace masa. In da yana da kati, dattawan layinsu sun san lambarsa, kuma ya san in ya yi jifa ya rasa ƙuri'arsa da wurin zamansa, da ya yi tunani kafin ya sunkuya.

Abin da mu ke nema ba shi da yawa. A buɗe rajistar membobi da kuɗin da ɗan tireda zai iya biya. A ba membobi kujeru a hukumar kulob ta hanyar zaɓe. A riƙa buga lissafin kuɗi duk ƙarshen kaka a manna shi a ƙofar filin Sani Abacha inda kowa zai gani. Gwamnati ta riƙe filinta, ta ci gaba da taimako, ba mu ce ta janye hannu ba. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, ku sa maganar nan cikin taronku na gaba, ku rubuta takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a kai wa hukumar wasanni ta jiha.