Sunayen da Muke Haddacewa a Darasin Zane, Asalinsu Ba'a Ce

Ya 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina neman ku ba ni aron kunnuwanku a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda muke koyon tarihin zane-zane.

A zangon da ya wuce, mu 'yan aji huɗu an ba mu jerin sunaye mu haddace: Gotik, Barok, Imfireshanizim, Fobizim, Kubizim, kowane da shekarunsa. Na haddace su sarai, na kuwa ci jarrabawa. Bayan mako biyu Malam ya shigo da wani hoto na tashar jiragen ruwa cikin hazo, da rana ja-wur tana ɓullowa, ya ce wa zai faɗi ko wane irin zane ne wannan. Aji ya yi tsit, har da ni mai maki mai yawa. Kunya ta kama ni ƙwarai. Ashe hoton nan shi ne ya haifi ɗaya daga cikin sunayen da na yi ta rerawa kamar karatun aku.

Ga yadda abin ya faru. Claude Monet ne ya zana shi a 1872, a tashar Le Havre ta ƙasar Faransa. A lokacin nan akwai wani babban nuni da ake yi a birnin Faris, wanda alƙalansa suka fi son zane mai santsi, a gama kome tsaf har ba a ganin sawun buroshi. Monet da abokansa ba haka suke aiki ba. Tun 1839 kyamara ta fito, tana kwaikwayon siffar abu fiye da hannun kowa. A 1841 kuma aka ƙago sa fenti cikin ɗan bututu mai matsuwa irin na man goge haƙori, sai ya zama mai zane yana iya ɗaukar kayansa ya tafi bakin kogi. To, wanda ke zane a fili tilas ya yi sauri, don hasken hantsi ba ya jiran kowa. Shi ya sa suke ɗiga launi ɓaro-ɓaro. Da suka gaji da ƙin karɓar aikinsu, sai a 1874 suka shirya nasu nuni. Monet ya sa wa hotonsa suna da wata kalma ta Faransanci mai nufin abin da ido ya fara kamawa a kallon farko. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya cafke kalmar ya yi musu ba'a da ita a wata jaridar barkwanci, har ya ce takardar ado da ake manna wa bango, tun ba a gama ta ba, ta fi wannan hoto kammaluwa. Bayan shekara uku su da kansu suka rungumi sunan.

Kada ku zaci wannan kaɗai ne. A 1905 Henri Matisse ya nuna hoton matarsa da hula, ya shafa mata kore a fuska. Wani mai sharhi, Louis Vauxcelles, ya kira shi da abokansa namun daji, ga asalin Fobizim ke nan. Shi dai wannan mutum, da alama bakinsa ba ya hutawa, a 1908 ya ga gidajen da Georges Braque ya zana, ya ce ya mai da kome ƙwayoyi masu kusurwa, kamar dai sukarin kwali a wurinmu. Sai ga Kubizim. Gotik ma haka ne: mutanen Italiya na baya ne suka jingina gine-ginen da wata ƙabila da suke ɗauka ta jahilai ce, alhali kuwa ba ita ta gina su ba.

Ra'ayina shi ne, waɗannan sunaye laƙabi ne da aka samu wurin rigima, kuma wanda bai san rigimar ba bai san kome ba, ko da ya haddace shekarun. Mu ma ai mun san laƙabi. Yaron da ake kira Dogo a ɗakin kwananmu, in ka gan shi ba sai an yi maka bayani ba. Amma a ce ka rubuta sunansa sau ɗari ba ka taɓa ganinsa ba, ina amfanin wannan?

Har wa yau, laƙabi ba ya faɗin gaskiya duka. Edgar Degas ya shiga bakwai daga cikin nune-nune takwas da ƙungiyar su Monet ta yi tsakanin 1874 da 1886, amma shi ba ya son zane a fili, kuma bai so a kira shi da sunan ba. Littafinmu ya jefa su kwando ɗaya don sauƙin jarrabawa kawai.

Wani abokina ya ce mini, mu ina ruwanmu da faɗan Turawa? Mahaifina ma da ya ga ina ta duba hotuna ya ce gara in mai da hankali ga lissafi. Ban ƙi ta Baba ba, lissafi na da ranarsa. Amma na ba shi labarin Zariya. A 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗansu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane. Malamansu suna koya musu zane yadda ake yi a Ingila. Su kuwa suka ce za su ɗauki dabarun Turawa su gauraya da na gida. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Su ma laƙabi ya bi su, ana ce musu 'yan tawayen Zariya. Sai da suka san abin da ake koya musu ciki da waje kafin suka iya cewa ga inda bai dace da su ba. Baba ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko magina masu yin dagi a bangon gidajen birni su ma suna cikin littafinmu. Na duba, ba su ciki.

Saboda haka ina roƙon malamanmu, don Allah a riƙa nuna mana hoto tukuna, a bar mu mu yi gardama a kansa, mai yabo ya yaba, mai kushe ya kushe, sa'an nan a faɗa mana sunan da wanda ya raɗa shi. Bangon ɗakin karatunmu na littattafai fayau yake, zai ɗauki hotuna goma ba wuya. A jarrabawa ma a sa mana hoto biyu a ce mu faɗi bambancinsu. Ni na yi alkawarin kawo na Monet da na Matisse ranar da muka dawo hutu, kuma zan ɗauko hoton ƙofar gidan kakana mai dagi in manna kusa da su.