Tsakanin Fari da Ambaliya: Ina Makomar Mai Karatun Hausa?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya dubi birnin Katsina a yau zai ga masu karatu sun yawaita. Jami'ar Al-Qalam ta kafu a 2005, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2006, ga kuma ta Dutsin-ma a 2011. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: shin yadda ake fitar da littattafan hira na Hausa yana ƙosar da wannan taro? A ganina bai ƙosar ba, domin kullum muna tsakanin fari da ambaliya.

Mu fara da farin. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu kuwa, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki, malaman da ke koyarwa a nan Katsina ne suka rubuta su: Abubakar Imam da wansa Bello Kagara. Bayan haka sai abin ya koma tafiyar hawainiya. An kafa hukumar NORLA a 1954, ta rushe a 1959. Kamfanin NNPC ya zo a 1966, amma galibin ƙarfinsa ya tafi ga littattafan makaranta da sake buga tsofaffi. Sai da ya sa gasa a 1978 aka sami irin su Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed.

Mai jin yunwa ba ya jiran a yi biki. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa a Kano. Wannan yunƙuri ya cancanci yabo, don shi ya fito da Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, ya kuma sa mata da yawa suka riƙi karatu. Sai dai da abin ya zama ambaliya, tacewa ta yi ƙaranci. A yau labarai sun koma cikin waya, ana sakin su shafi-shafi a WhatsApp, da yawa babu mai duba ƙa'idar rubutu, wasu ma a yar da su ba a kai ƙarshe ba.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. Akwai wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974. Abokai kan zauna kewaye da tebur, ɗaya yana jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ana jefa ƙwayar lido don a yanke abin da zai faru. Wasan ya dogara ne ga littattafai, saboda haka 'yan wasa kullum suna jiran sabo. Kamfanin TSR da ya fara shi ya yi ta zubo littattafai har suka fi ƙarfin masu saye, bashi ya yi masa katutu, aka sayar da shi ga Wizards of the Coast a 1997. Da sabon kamfanin ya fitar da bugu na biyar a 2014, sai ya taƙaita ga 'yan littattafai kaɗan a shekara. Wasu sun yi ƙorafin jinkiri, amma 'yan wasa sai ƙaruwa suka yi. A 2016 kuma ya buɗe kasuwa inda 'yan wasan ke sayar da labaran da suka ƙaga da kansu.

Darasin a bayyane yake. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne ya san lokacin da sabon abu zai fito, ya kuma amince an tace shi. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna haka: da yake shekara-shekara ake yin ta, marubuta mata suna shiri tun kafin a buga gangar.

Wani zai ce takarda ta yi tsada. Gaskiya ne, amma tsadar takarda ba ta hana tacewa, ba ta kuma hana cika alkawari. Ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da ƙungiyoyin ɗalibai su haɗa kai, su ɗauki nauyin fitar da littafi guda tatacce kowane zangon karatu, a takarda ko a waya, su zaɓo daga cikin matasan da ke rubutu yanzu. Ku kuma ma'aikata, ku saya, ku daina aro. Garin da Imam ya riƙe alli bai kamata ya zauna jiran ragowar wasu ba. Allah ya sa mu dace.