Daga Ɗakin Jinya: Ɗigo ɗaya ya kayar da ƙawata jarrabawa



Har yau ban manta ranar jarrabawarmu ta aiki da hannu a makarantar koyon jinya ba. Malama ta ajiye kwalbar farasitamol na ruwa da sirinji, ta ce: "Yaro mai kilo 12, likita ya rubuta miligiram 15 a kan kowane kilo. Auna mini." Sai ta naɗe hannu tana kallona.

Lissafin ba wuya. Kilo 12 sau 15, miligiram 180 ke nan. Kwalbar ta ce akwai miligiram 120 a cikin kowane mil 5, don haka yaron zai sha mil 7.5. Amma amsar kaɗai ba ta ba da maki. Sai an ga kin karanta jikin kwalba, kin duba ranar lalacewar magani, kin rubuta lissafin a takarda, sannan kin ɗaga sirinjin daidai idonki kin karanta awon.

Ƙawata ta fi ni ƙwaƙwalwa, amma ranar ta manta ɗigo, ta rubuta 75. Nan take aka kayar da ita. Mun yi ta gunaguni, har Malama ta tuna mana cewa wannan ninki goma ne, kuma farasitamol idan ya yi yawa hanta yake lalatawa. Duk muka yi tsit.

Uwargida, idan 'yarki na burin aikin jinya a Najeriya, sai da kiredit a lissafi za a ɗauke ta. Idan kuma ɗinki ko girki za ta koya har ta zauna jarrabawar NABTEB, can ma za a sa mata ido tana awo.

Tun daga madafi za ki fara shirya ta. Ki ba ta mudu ta auna shinkafa, ki tambaye ta: idan mudu ɗaya ya ishi mutum takwas, nawa za a dafa wa ashirin? Ki miƙa mata tef ta auna ƙanwarta, ta rubuta, ta sake aunawa. Ta saba faɗin lamba tare da ma'auninta, inci ne ko santimita.

Ke ma ki daina ba yaro magani da cokalin gida, domin girmansu ba ɗaya ba ne. Ki nemi sirinji ko kofin awon da ke zuwa da kwalbar, kuma ki sa ma'aikaciyar lafiya ta nuna miki layin da za ki tsaya.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako na gaba.