Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Darasi Daga Hanyar Tengboce

Wata rana ina koyar da darasin numfashi, sai wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ƙato mai jini a jika yakan faɗi a kan tsaunukan Himalaya, alhali ga tsofaffi can suna zaune lafiya har suna ibada. Yaya aka yi haka?" Wannan tambaya ita ce mafarin rubutun nan. Ra'ayina shi ne, babban haɗarin wannan tafiya gaggawa ce, kuma ba mai gaggawar kaɗai take cutarwa ba.

Bari mu ɗauki hanya guda a ƙasar Nefal, wato wadda take kai matafiyi gindin tsaunin Ebarest, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a duniya. Yawancin baƙi sukan sauka daga ƙaramin jirgin sama a garin Lukla, mai tsayin kimanin mita 2,850 daga doron teku. Tun a nan baƙo ya riga ya wuce ƙololuwar Chappal Waddi ta jihar Taraba, wadda ta fi ko'ina tsayi a Nijeriya da mita 2,419. Daga Lukla sai tafiyar ƙasa zuwa kasuwar Namce, mita 3,440, sannan gidan ibadar mabiya addinin Buda da ke Tengboce, mita 3,867, har a kai sansanin masu hawa a mita 5,364. Tafiyar kimanin kilomita 65 ce, amma masu hankali sukan yi kwana takwas a kanta.

Me ya sa kwana takwas? Mutane da dama suna zaton iskar oksijin ce take ƙarewa a can sama. Gaskiyar magana, kasonta a cikin iska yana nan yadda yake, wajen 21 cikin ɗari. Abin da yake raguwa shi ne nauyin iskar, wato ƙarfin da yake tura oksijin daga huhu zuwa cikin jini. A sansanin da muka ambata, duk shaƙa ɗaya tana kawo wa jiki kusan rabin abin da za ta kawo a bakin teku.

Jiki yana da dabarunsa, sai dai kowace tana da lokacinta. Nan take numfashi yakan ƙaru, zuciya ta ƙara bugu. Cikin 'yan kwanaki ƙoda takan daidaita sinadaran jini domin numfashin ya ɗore, ta kuma saki wani sinadari da yake umartar ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, aikin da yake cin makonni. Masana uku da suka gano yadda ƙwayoyin jiki suke jin ƙarancin oksijin, wato Kaelin da Ratcliffe da Semenza, sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 2019. Babu kuɗi ko ƙarfin damtse da zai gajarta wannan lokaci. Wanda ya yi wa jikinsa gaggawa zai fara da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. In ya ci gaba da hawa, ruwa na iya taruwa a huhunsa ko ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, kuma kowanne yana iya kisa. Shi ya sa likitoci suka ce, da zarar an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta yini guda bayan kowane kwana uku ko huɗu. Babban magani kuwa shi ne saukowa.

To, tsofaffin da ɗalibina ya tambaya fa? Mutanen wannan yanki na Kumbu, wato Sherfa, asalinsu daga tudun Tibet ne, inda kakanninsu suka rayu dubban shekaru. A 2010 bincike ya nuna cewa yawancin mutanen Tibet suna ɗauke da wani nau'i na ƙwayar gado mai suna EPAS1, wanda yake hana jininsu yin kauri fiye da kima a kan tudu. A 2014 kuma aka nuna cewa sun gaje shi ne daga wasu mutanen da, waɗanda ake kira Denisoba. Baƙo ba shi da wannan gado. Haƙuri kaɗai ne jarinsa.

Wani zai ce, ai akwai jirgi mai saukar ungulu, akwai kuma ƙwayoyin da suke taimaka wa jiki ya saba, ga shi mutanen yankin da kuɗin baƙi suke ci. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba na raina jirgin da yake ceton rai. Amma a tambaya, wa yake biyan bashin gaggawa? Yawancin 'yan dakon da suke ɗaukar kayan baƙi ba Sherfa ba ne. Daga ƙauyukan da suke ƙasa-ƙasa suke zuwa neman abinci, jikinsu kuwa bai fi na baƙon sabo da tudu ba, ga kaya a baya, ga ƙarancin tufafin sanyi. Idan aka taƙaita kwanakin tafiya domin baƙo ya koma aiki da wuri, ɗan dako ba shi da bakin cewa a tsaya, don yana tsoron rasa ladansa. Baƙo in ya kwanta, inshorarsa za ta kira masa jirgi. Ɗan dako kuwa sau da yawa da ƙafarsa zai sauko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Yanzu mu dawo Tengboce, domin a ganina a nan ne darasin ya cika. Lama Gulu ne ya kafa wannan gidan ibada a 1916. Girgizar ƙasa ta rushe shi a 1934, aka sake ginawa. A 1989 gobara da ta tashi daga kayan lantarki ta cinye shi tare da littattafai da zane-zane masu yawa, aka sake tayar da shi, aka buɗe a 1993. A nan ake bikin Mani Rimdu kowace shekara wajen Oktoba ko Nuwamba. Ni masanin halittu ne, don haka abin da ya fi jan hankalina shi ne dajin da yake kewaye da gidan. A aƙidar Sherfa, kwarin Kumbu wuri ne mai alfarma da ba a kashe dabba a cikinsa, suna kuma da tsohuwar al'adar naɗa masu gadin daji da suke hukunta mai saran ɗanyen itace. Tun kafin gwamnati ta kafa gandun Sagarmatha a 1976, tun kafin hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, wannan hani ya riga ya kare barewar miski da awakin dutse da tsuntsun danfe mai launi kala-kala.

A irin wannan tudu itace a hankali yake girma, domin lokacin tsiro gajere ne. Ƙaramin kurmin da aka tumɓuke don ɗumama ruwan wankan baƙi zai yi shekaru da dama bai dawo ba. Ashe dokar da take kan jinin matafiyi ita ce take kan dajin, wato komai a can sannu yake tafiya. Baƙon da ya kwana a Tengboce, ya cire takalmi ya shiga da ladabi, ya nemi izini kafin ɗaukar hoto, ya ba jikinsa lokacin da yake bukata, ya kuma bar kuɗinsa a hannun masu masauki. Ba sai mutum ya bi addinin mutane ba kafin ya girmama wurin ibadarsu.

Akwai kuma gargaɗi da ya shafe mu kai tsaye. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rukunin jini na AS, wato gadon sikila ta ɓangare guda. A gida lafiyarsa lau, amma a kan tudu mai tsayi ƙarancin oksijin yana iya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jininsa su toshe hanyoyin jinin saifa. Saboda haka duk wanda yake da niyyar irin wannan tafiya, ko a Nefal ko a kan Kilimanjaro, ya san rukunin jininsa, ya kuma ga likita tukuna.

Daga ƙarshe, shawarata ga kamfanonin yawon buɗe ido ita ce su daina sayar da gajeriyar tafiya, su sa kwanakin hutu su zama tilas, su kuma yi wa ɗan dako inshora da tufafi kamar yadda suke yi wa baƙo. Ga 'yan'uwana malamai kuwa, ku shigo da wannan hanya cikin aji. A zana ta a allo daga Lukla zuwa sansani, a ba ɗalibai dokar mita 500, su lissafa da kansu kwana nawa ya kamata a yi, da inda ya kamata a huta. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi ya fahimci aikin huhu da ƙoda da ɓargo fiye da wanda ya haddace su don jarrabawa.