Tawadar Allah, Aska da Tabo: Magana Ga Mutanen Ƙaraye da Rogo

Ɗigon baƙin nan da ake haihuwar mutum da shi, ko ya fito masa daga baya, Bahaushe ya sa masa suna tawadar Allah, kuma a da ba a ɗauke shi aibi ba, sau da yawa ma kyau ake ganin ya ƙara wa mai shi. Amma wadda ta taso ta yi tudu a gefen hanci ko a haɓa, wani lokaci har da silin gashi a kanta, ta zama abin da samari da 'yammatan yanzu ba su iya haƙuri da shi, balle tun da wayar hannu ta sa kowa yana duban fuskarsa safe da yamma. Mu ɗaliban da muka fito daga ƙasar Ƙaraye da Rogo, duk hutun da muka koma gida sai an tare mu da tambaya ɗaya, gama ana zaton wanda ya shiga jami'a ya san komai: me za a shafa ta faɗi? Amsarmu ita ce kada a shafa komai, kada kuma a yanke, sai likita ya duba.

Dabarun da ake yi a gida ba ɓoyayyu ba ne. Wasu su ɗaure tudun da zare ko gashin wutsiyar doki har ya bushe, wasu su ɗiga masa sodar yin sabulu, wasu su sa reza, wasu kuwa su sayo wani ɗan ruwa a kwalba daga kasuwa ko ta intanet. To, fatar mutum hawa biyu ce. Abin da ya tsaya a hawan sama yakan warke ba alama, amma duk abin da ya kai hawan ƙasa lalle sai ya bar tabo, tawada mai tudu kuwa saiwarta a can ƙasa take. Ashe ke nan duk mai son rabuwa da ita musaya zai yi, ya ba da tawada ya karɓi tabo, abin da ya rage kawai shi ne wane irin tabo. Soda ba ta san inda tawada ta ƙare fata mai lafiya ta soma ba, ci take yi har sai ƙarfinta ya ƙare. Ruwan kwalba ma ɗan'uwanta ne: a shekarar 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irin waɗannan magunguna, ta bayyana cewa babu ko ɗaya da ta amince a sayar wa mutum ya cire tawada da kansa. Garin neman gira ake rasa ido.

Akwai kuma wani haɗari da ya fi shafar mu baƙar fata, watau tabon nan mai kumbura da mutane ke kira tusar jaki, likitoci kuma suna ce masa kiloyid. Shi wannan ba ya tsayawa iyakar raunin da ya haife shi. Sai ya yi ta girma wata da watanni, ya yi tauri da sheƙi, ga ƙaiƙayi, ga suka. Ya fi son fatar kunne da ƙirji da kafaɗa da layin muƙamuƙi, kuma yana bin jini. Kowa a cikinmu ya san wata da aka huda wa kunne abin ya zama ƙullutu kamar goro. Mai irin wannan jiki, in ya yanke tawada mai girman ƙwayar dawa, yana iya samun abin da ya ninka ta sau da yawa, in kuma aka sake yanke tusar jakin ba tare da wani magani ba, galibi dawowa take yi, wani lokaci fiye da da. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mutum ya yi wa kansa ita ce yadda tsofaffin raunukansa suka warke, da na iyayensa da 'yan'uwansa. Wanda gidansu ake tusar jaki, shawararmu gare shi ya bar tawadarsa inda Allah ya ajiye ta, in dai likita ya ce ba ta da illa.

Dalilin da ya sa muka nace a kan idon likita ya wuce maganar kyau. Mafi yawan waɗannan tsiro ba su da wata cuta, har da ƙananan baƙaƙen ɗige-ɗigen nan da ke yawaita a kumatu da gefen ido in shekaru sun soma ja, waɗanda gado ne kurum. Amma wadda ta soma sauya launi ko siffa, ko take girma da sauri, ko take zub da jini, ko ta zama gyambon da ya ƙi warkewa, tana iya zama sankarar fata. Gaskiya ne wannan ba ta cika yawa a fuskar baƙar fata ba, mugun nau'inta ma a tafin ƙafa ya fi fito mana. Sai dai 'yan'uwanmu zabiya, da ke noma cikin rana kamar kowa, sankarar fata a fuska da wuya da kunne ita ce babbar abokiyar gabarsu, kuma duk tsiron da ya fito musu abin gaggawa ne. Wanda ya ƙone irin wannan da soda ya ɓata shaida, ya bar saiwar cutar tana aiki a ɓoye. Likita kuwa in ya yanke, sai ya aika da naman ɗakin gwaje-gwaje a duba shi.

A asibiti hanyoyin ba su da yawa. Bayan allurar kashe zafi, likita yana iya aske tudun ya daidaita shi da fata, ba ɗinki. Wannan yakan bar ɗan tabo a kwance, sai dai da yake saiwar tana nan, tawadar ko gashinta na iya dawowa. Yana kuma iya yanke ta gaba ɗaya ya ɗinke, yana bin layin da fuska ke naɗewa in an yi murmushi don tabon ya ɓuya a ciki. A nan tabon siriri ne amma ya fi tawadar tsawo, wajen ninki uku, zaren kuma akan cire shi bayan kwana 5 zuwa 7. Wannan ita ce hanyar da ake bi in akwai wani zargi. Ƙananan ɗige-ɗigen kumatu akan taɓa su da tsinken lantarki. Daskarewa da ruwan naitirojin, da ake yawan yi wa Turawa, mu takan bar mana farin tabo, gama sanyin yana kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Hasken lesa kuwa, ban da tsada, yana ƙone naman ƙurmus, ba abin da za a kai gwaji.

Rabin aikin yana hannun mai raunin. A wanke shi da ruwa mai tsabta, a shafa man Vaseline a rufe don kada ya bushe ya yi ɓawo, kada a ɓanɓare, kada a sa toka ko man shafawa na bilicin. A kare shi daga rana, don rana ce ke mai da sabon tabo baƙi ƙirin. Bayan ya haɗe akan yi amfani da man silikon ko faifansa wata biyu zuwa uku, in kuma ya soma tasowa akwai allurar da likita ke yi a cikinsa bayan kowane mako 4 zuwa 6 don ya kwanta. Tabo ba ya nuna kamanninsa na ƙarshe sai bayan shekara ko fiye. Amaren da ake kai wa gyaran fuska saura mako biyu ɗaurin aure, su da iyayensu mata, su tuna ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba mu rubuta wannan don mu ci mutuncin wanzamai ba. Su ne suka riƙe aska da ƙaho da kaciya tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasarmu, kuma har yau su mutumin ƙauye ya fi saurin kaiwa gare su. Amma askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau, kuma ido kaɗai ba ya raba tawada da sankara. Abin da muke roƙo shi ne wanzami ya zama mai nuna hanya. Masarautar Ƙaraye, wadda dokar jiha ta 2024 ta ba ta ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, tana da bakin da za ta tara sarakunan aska da ma'aikatan lafiya wuri ɗaya, a koya musu alamomin da in sun gani za su ajiye aska su tura mutum asibiti.

Sai dai turawar ma sai da inda za a je. Ƙwararrun likitocin fata da na gyaran jiki a manyan asibitoci suke, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a birni, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, inda mutumin Rogo da ke iyaka da Jihar Kaduna yake iya nufa. Manomin rani daga bakin madatsar Challawa ba zai bar gonarsa ya biya kuɗin mota da na kati saboda tsiro a kumatu ba, sai abin ya ɓaci. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su tsai da rana ɗaya a wata da likitan fata zai riƙa zama a asibitin gwamnati na Ƙaraye da na Rogo, a sanar a masallatan Juma'a da kasuwanni, a kuma shirya yadda naman da aka yanke zai kai ɗakin gwaji a Kano sakamakon ya dawo. Zabiya su ne ya kamata a fara dubawa, kuma kyauta.