WA YA CE WASAN YARA NE? MARTANI GA MASU RAINA LABARAN BIN DIDDIGI

A wani taron ƙara wa juna sani da na halarta, wani ɗalibi ya nemi izini ya yi nazari a kan littattafan yara na Turawa waɗanda ke cuɗa bin diddigin wani asiri da kacici-kacici da kuma tarihi. Bai rufe baki ba, sai wani babba daga cikinmu ya yi murmushi ya ce wannan ai wasan yara ne, ya je ya nemo adabi na gaske. Aka yi dariya, yaro ya zauna. Ni ma ban ce uffan ba a ranar, kuma wannan shirun nawa ne nake son in biya bashinsa a nan. Ra'ayina shi ne, raina irin waɗannan littattafai kuskure ne babba, musamman ga al'ummar da 'ya'yanta suka yi shekaru suna gama firamare ba tare da an koya musu tarihi a matsayin darasi mai cin gashin kansa ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kai, domin da yawa daga masu sukar ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba. Caroline Lawrence, marubuciya 'yar asalin Ingila da ta tashi a Amurka, ta fitar da littattafai 17 tsakanin 2001 da 2009 a ƙarƙashin sunan The Roman Mysteries. Taurarinta yara ne huɗu a garin Ostiya, tashar jiragen ruwa ta birnin Rum, a shekara ta 79 miladiyya: Flavia 'yar wani matuƙin jirgi, da maƙwabcinta Jonathan, da Nubia, yarinya 'yar Afirka da aka kawo kasuwar bayi, da Lupus, yaron titi wanda aka yanke wa harshe. A littafi na farko tambayar ita ce, wa ke kashe karnukan unguwa? Kafin yaro mai karatu ya kai ga amsa, ya shiga kasuwar bayi, ya ga yadda ake rubutu a allon kakin zuma, ya san amfanin zoben hatimi. A littafi na biyu, dattijo Pliny, shugaban rundunar ruwa ta Rum, ya ba yaran wani kacici-kacici su warware, ana cikin haka dutsen Besubiyas ya yi aman wuta. Pliny mutum ne da ya rayu da gaske, a wannan bala'in ya rasu, kuma wasiƙun ɗan 'yar'uwarsa ne suka adana mana labarin.

To, ina darajar abin take? Masu yabon waɗannan littattafai sukan ce suna saka magani mai ɗaci a cikin zuma, wato yaro ya haɗiye sunaye da shekaru bai sani ba. Wannan yabo ne mai rauni, kuma shi ya ba masu suka ƙofa. Haƙiƙanin darajarsu tana cikin zubinsu. Labarin bin diddigi ba ya tafiya sai da tambaya, da shaida, da shakka. Wannan ya ce ya gani, wancan ya ce ya ji, ga kuma sawu a ƙasa da ya ƙaryata su duka biyun. Dole mai karatu ya auna, ya zargi wani, ya gane ya yi kuskure, ya sake lale. Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin takardu ko ya bi dattawa yana tattara tarihin baka ya san cewa aikin masanin tarihi ke nan ba ragi ba ƙari. Ashe ke nan yaro ɗan shekara goma yana koyon yadda ake sanin abu, alhali a aji abin da ake ba shi bai wuce jerin sarakuna ya haddace ya amayar ranar jarrabawa ba.

Ba zan ɓoye ba, masu suka suna da hujja guda mai ƙarfi, wato tsoron kada ƙarya ta shige rigar gaskiya. Jerin The 39 Clues, wanda kamfanin Scholastic na Amurka ya fara fitarwa a 2008 da littafin Rick Riordan, misali ne. Marayu biyu, Amy da Dan Cahill, an ba su zaɓi a wasiyyar kakarsu: ko dala miliyan ɗaya, ko alamar farko ta wani asiri. Suka zaɓi asiri, suka bi sawun Benjamin Franklin har birnin Faris, daga baya na Mozart. Sai dai labarin ya ɗora a kan cewa waɗannan mashahuran mutane duk 'yan dangin Cahill ne na ɓoye, dangin da babu shi a duniya. Ga katuna da ake tarawa, ga wasa a intanet, har mutum ya rasa ko littafi ake sayar wa yaro ko kuwa littafin talla ne kawai. Yaron da ya tashi da tunanin cewa wasu 'yan tsiraru ne a ɓoye suke juya tarihi, an cuce shi. Amma jama'a, tun yaushe lalacewar wani mawaƙi ta zama dalilin soke waƙa? Aikin manazarci shi ne ya raba tsaki da tsakuwa. Lawrence takan rufe littafinta da taswirar kalmomi da bayanin abin da ya auku da gaske. Wannan shi ne ma'aunin: marubuci ya ƙagi yaran da rikicinsu, amma ya bar wa tarihi gaskiyarsa, ya kuma nuna iyakar da ke tsakani.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu da muke dariya mun fi kowa buƙatar wannan salo. Daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yi bikin maido shi. Ɗaliban da ke gabanmu a jami'a yau, akasarinsu 'ya'yan wannan giɓin ne. Mu kuwa manazarta Hausa mun shafe shekarun 1990 muna ta ka-ce-na-ce a kan littattafan soyayya na kasuwar Kano, ba mu tsaya mun tambayi kanmu abin da ɗan shekara goma zai karanta bayan Magana Jari Ce ba.

Kuma ba kayan aiki muka rasa ba. Saka tarihi cikin ƙagaggen labari tsohon abu ne a wurinmu, tun gasar 1933 da ta haifar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Kacici-kacici kuwa da shi aka yaye mu a dandali. Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun, a kuma ɗora yaro a kujerar mai bincike. Dubi kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe, wanda wani Bafulatani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya, aka auna aka tarar ya kai kimanin shekara 8,000. Me ya kawo jirgin ruwa ƙarƙashin ƙasa a wannan wuri? Ta yaya ake gane shekarun itace? Dubi littafin Tarihin Kano da Palmer ya fassara a 1908, wanda har yau masana ke jayayya a kan wanda ya rubuta shi. Ko a ɗauki wata wasiƙar ajami mai hatimi da yara uku suka tsinta a cikin tsohon adakar kakarsu, rabinta gara ta cinye. Wane marubuci ne zai ce babu labari a nan?

Na san za a ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, don haka koya wa yara tuhumar magana rashin kunya ne. Amsata ita ce, malaman hadisi da muke girmamawa ba su karɓi ruwaya ba sai da suka bi diddigin wanda ya faɗa da wanda ya ji daga gare shi, kuma ba wanda ya kira su marasa kunya. A zamanin da jita-jita ke shiga kowane gida ta wayar hannu, yaron da bai iya tambayar "wa ya faɗa, da wace shaida?" ba, kowa ma zai iya jansa ta hanci.

Saboda haka kirana ga ɗaliban da ke rubutu a wannan mujalla shi ne, cikin masu aiko mana da waƙoƙin bege a kowace shekara, a samu ko da mutum biyu su gwada labarin bin diddigi domin ƙannensu. Su je gidan tarihi, su zauna da dattawa, su tabbatar da kowace shekara kafin su rubuta ta. Ga ɗalibin nan kuwa da muka yi wa dariya, ina ba shi haƙuri a bainar jama'a. Idan har yanzu yana da sha'awar batun, ƙofar ofishina a buɗe take.