Duniyar Maharba: Wace Bindiga Ta Dace Da Farautar Elk?

A can ƙasar Amurka, cikin jihohin yamma inda duwatsun Roki suka miƙa har suka shige Kanada, akwai wata tsohuwar gardama da kan tashi tsakanin maharba kowace shekara da zarar watan Oktoba ya gabato. Gardamar kuwa ita ce, wace irin bindiga da wane irin harsashi ya kamata mutum ya ɗauka idan zai shiga daji neman dabbar nan da suke kira elk. Wanda bai san kan al'amarin ba sai ya ce ai abu ne mai sauƙi, babbar dabba sai babbar bindiga. Amma waɗanda suka tsufa cikin sana'ar sun san zancen ya wuce nan.

Ita dai elk dangin barewa ce, sai dai ƙatuwa ce ainun. Namijinta kan kai nauyin laba 700, watau wajen kilo 320, macen kuwa wajen laba 500. Mai karatu da ya san gwanki sai ya ƙiyasta dabbar da ta yi kai ɗaya da shi, ko ma ta ɗara shi. Namijin ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa kamar busasshen itace, yana zubar da shi kowace shekara wani sabo ya tsiro. Fatarta da kauri, ƙashin kafaɗarta da ƙarfi, sa'an nan ga ta da taurin rai. Idan harsashi bai same ta a makasa ba, sai ta ɗauke shi ta haye tsauni, ta yi tafiyar da maharbi ba zai cim mata ba, ta je ta mutu a wani kwazazzabo, naman ya ruɓe.

Wannan shi ne abin da ya sa zaɓen bindiga ya zama babbar magana a wurinsu. Kafin Turawa su mamaye ƙasar, an ƙiyasta akwai elk wajen miliyan 10 a Amurka ta Arewa. Aka yi ta karkashe su ba ƙaƙƙautawa, har ya zama a farkon ƙarni na 20 waɗanda suka rage ba su kai 100,000 ba. Daga nan hukuma ta farga. A shekarar 1912 aka keɓe musu makiyaya a kusa da garin Jakson na jihar Wayomin, a 1937 kuma aka kafa dokar da ta sa harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsasai ya riƙa tafiya wajen kiwon namun daji. Yanzu yawansu ya koma wajen miliyan ɗaya, jihar Kolorado ce kuma ta fi kowace jiha yawansu. Saboda haka ba mai shiga daji sai da lasin, baƙon da ya zo daga wata jiha kuwa kan biya ɗaruruwan daloli domin a ba shi izinin kashe dabba guda tak. A Kolorado doka ta tilasta wa wanda ya ji wa dabba rauni ya bi sawunta iyakar ƙoƙarinsa, ta kuma hana shi ya kwashe ƙaho ya bar nama a daji.

Har ila yau dokar Kolorado ta yanka mafi ƙanƙantar makamin da za a fuskanci elk da shi. Kaurin harsashi kada ya gaza .24 na inci, watau milimita 6, nauyinsa kada ya gaza giren 85, ya kasance irin wanda kansa ke bajewa idan ya shiga jiki, kuma ƙarfin bugunsa a nisan yadi 100 ya kai awo 1,000. Giren wani ƙaramin ma'auni ne, guda 7,000 ke yin laba ɗaya. Awon ƙarfin kuwa shi ne abin da zai ɗaga laba ɗaya sama tsawon ƙafa ɗaya. Wannan dai iyakar da doka ta halatta ke nan, amma maharba da yawa ba su yarda su sauko kusa da ita, sukan so ƙarfin ya kai awo 1,500 a daidai inda dabbar take tsaye.

Su kuma lambobin da ake kiran harsasan da su, yawanci kaurinsu suke nunawa. Mafi shahara shi ne .30-06, wanda rundunar sojan Amurka ta ɗauka a 1906, shi ya sa aka liƙa masa 06 a ƙarshen sunansa. Da shi suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, da sojoji suka koma gida kuma suka shiga daji da irinsa. Yana jefa ƙwaya mai giren 180 da gudun ƙafa 2,700 cikin daƙiƙa ɗaya. A 1925 kamfanin Winchester ya matse bakin kwanson .30-06 ya fito da .270, mai ƙwaya siririya da ta fi gudu, a 1952 kuma ya fito da .308, gajere, wanda bai gaza .30-06 da wani abin kirki ba. Bayan nan sai aka shiga zamanin manyan kwanso masu cin albarushi da yawa, waɗanda ake kira magnum: .338 na Winchester a 1958, da milimita 7 na Remington a 1962, da .300 na Winchester a 1963. A baya-bayan nan, cikin 2007, kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor, ƙarami mai sauƙin harbi, wanda ya sake hura wutar gardamar.

Mutum biyu ne suka fi kowa rura wannan wuta a zamaninsu, dukansu marubuta, dukansu kuma sun zauna a jihar Aidaho. Na farko shi ne Elmer Keith, makiyayi kuma jagoran mafarauta, wanda ya rasu a 1984. Shi ra'ayinsa, dabba irin elk sai ƙwaya mai kauri da nauyi, daga .33 zuwa sama, domin a cikin kurmi ba kullum dabba ke tsaya wa mutum a gicciye ba, wani lokaci sai harsashi ya keta nama mai yawa da ƙashi kafin ya isa huhu. Na biyu shi ne Jack O'Connor, wanda ya shekara 30 da ɗoriya yana rubutu a mujallar Outdoor Life, ya rasu a 1978. Shi kuwa .270 ya riƙe, hujjarsa ita ce bindigar da mutum ke iya saita ta ba da fargaba ba ta fi wadda yake tsoro amfani. Suka yi ta musayar kalamai shekara da shekaru, ba wanda ya sauko. Abin lura shi ne, kowannensu ya kashe elk da yawa da makamin da ya zaɓa, domin kowannensu gwanin harbi ne.

A nan ne fa gizo ke saƙa. Kowace bindiga idan ta tashi tana shurin mai ita a kafaɗa, gwargwadon nauyin ƙwaya da yawan albarushi. Da irin awon da aka ambata a sama, shurin 6.5 Creedmoor wajen 13 ne, na .270 wajen 17, na .30-06 wajen 20, na .300 wajen 26, na .338 kuwa ya haura 30. Masu koyar da harbi sun daɗe da lura cewa daga 20 zuwa sama ne yawancin mutane kan fara ɗari-ɗari. Jiki ya riga ya san zafin da ke tafe, sai mutum ya runtse ido, ya fizgi kunama, ya dafe bakin bindiga ƙasa tun harsashi bai fita ba, alhali shi kansa bai san yana yi ba. Akwai dabarar da ake gane wannan da ita. Sai aboki ya riƙa ɗura wa mutum bindiga a ɓoye, wani zubi da harsashi, wani zubi ba kome a ciki. Duk sa'ad da kunama ta faɗa kan wofi aka ga bakin bindiga ya dunguri ƙasa, to asiri ya tonu.

Makasar elk, watau zuciya da huhu da ke bayan ƙafar gaba, faɗinta bai wuce na faifai ba. Ƙaramin harsashi da ya ratsa huhu biyu zai kwantar da ita cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Ƙaton harsashi da ya faɗa tumbi ko cinya kuwa ba abin da zai jawo sai wahala ga dabba da baƙin ciki ga maharbi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Mutanen Suwidin shaida ne a kan haka, domin tun daga ƙarshen ƙarni na 19 suke da wani harsashi mai kaurin milimita 6.5 da aka ƙera wa sojansu, da shi kuma suka kashe dubban mus, wata dabba dangin barewa wadda ta fi elk girma.

Bayan saiti, sai ƙirar ita kanta ƙwayar, wadda sau da yawa ta fi kaurinta muhimmanci. A 1946 wani maharbi mai suna John Nosler ya tafi farautar mus a yammacin Kanada da babbar bindiga mai lamba .300. Ya sami wani namiji da laka ta bushe a jikinsa, ya harbe shi, amma ƙwayoyin suka riƙa tarwatsewa ba su nutsa ciki ba. Da ya koma gida sai ya ƙera ƙwaya mai ɗaki biyu, da katangar ƙarfe a tsakani. Dalmar gaba ta baje ta buɗe rauni, ta baya kuma ta tsaya cur ta ci gaba da kutsawa. A 1948 ya fara sayar da ita, har yau kuma ana amfani da ita da sunan Nosler Partition. Daga baya kamfanin Barnes ya fito da ƙwaya ta jan ƙarfe zalla, ba dalma ko kaɗan, wadda ba ta cika raguwa ba ko ta haɗu da ƙashi. Irin wannan ta ƙara samun kasuwa tun da jihar Kalifoniya ta hana farauta da dalma ɗungum a 2019, saboda gubar da take yi wa tsuntsaye masu cin mushe. Darasin dai shi ne, gudu mai yawa da ƙwaya mai taushi ba su jituwa. Wanda ya ɗauki .270 ya sa mata ƙwaya mai ƙwari ta giren 150 ya fi wanda ya ɗauki .300 ya cusa mata ƙwayar da aka yi don harbin takarda.

To, ina amfanin magnum ke nan? Amfaninsa na nesa ne. Idan aka daidaita saitin bindiga a yadi 200, ƙwayar .30-06 kan sauka ƙasa da wurin da aka auna da wajen inci 8 a yadi 300, ta .300 kuwa wajen inci 7. Wannan bambanci ba abin da zai hana faifai samuwa. Sai an kai yadi 400 zuwa 500 ne ratar ke buɗewa, babban kwanso ya nuna fifikonsa wajen riƙe ƙarfi da jure wa iska. Amma a irin wannan nisa kuma iska mai kaɗawa tsakanin tsaunuka, da hakin wanda ya hau dutse mai tsawon ƙafa 10,000, da taku ɗaya da dabbar za ta yi kafin ƙwaya ta isa, kowane ɗaya ya isa ya mai da harbin makasa na tumbi. Maharbin da ke iya wannan akwai shi, sai dai ba shi da yawa, kuma ya ƙone harsasai ɗaruruwa kafin ya kai nan. Ga kuma nauyi. Babbar bindiga ana ƙara mata nauyi domin a rage shurinta, wanda ya wuni yana hawa da sauka da ita a kafaɗa kuwa ba sai an gaya masa abin da laba ɗaya take nufi ba.

Idan aka tattara zancen, zaɓen ba ya rabuwa da mai zaɓen. Ga yawancin mutane, .30-06 da ƙwaya mai ƙwari ta giren 165 ko 180 ta wadatar, ko .308, ko .270, ko milimita 7, kuma ana samun harsasansu a kowane ƙaramin gari na yammacin ƙasar. Yaro ko mace ko tsohon da kafaɗa ta fara ciwo, 6.5 za ta yi musu, da sharaɗin su matsa kusa, su kuma jira dabba ta ba su haƙarƙari sosai, kada su nemi fasa kafaɗa ko harbi daga baya. Wanda kuma ya saba da shuri, yake farauta a fili mai nisa, ko a dajin Montana da Wayomin inda ake iya kiciɓis da ƙaton beyar nan mai faɗa, .300 ko .338 ba su yi masa yawa ba. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Hanyar da mutum zai san nasa matsayi kuwa ba a kanti take ba. Sai ya fita fili tun damina, ya kafa takarda mai faɗin faifai, ya yi harbi a zaune da durƙushe da kwance kamar yadda zai yi a daji, ba bisa tebur ba. Nisan da ya ga yana samun takardar kowane zubi, nan ne iyakarsa, ko da bindigar tana iya wuce haka ninki biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuma ranar ta zo, dabba ta tsaya bayan wannan iyaka, ko ta juya masa baya, sai ya sauke bindiga ya sake lallaɓawa, ko ya haƙura sai gobe. Maharbin da ya koma gida da harsashinsa bai yi asarar kome ba sai kuɗin lasin, wanda ya bar dabba da rauni a tsauni kuwa ya yi asarar naman da zai ciyar da iyali wata da watanni, ya kuma zubar da mutuncin sana'ar.